Ƙara girman bireka ba gyara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu masana'antu da 'yan uwana masu aikin wayarin lantarki kan injinan nan masu buga lamba da ranar ƙarewar aiki a jikin kaya, na leza ne ko na tawada ko mai allurar da ke caccakar ƙarfe.

Abin da ke ba ni haushi, birekar layin injin (na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta yi yawa) na faɗuwa sau biyu sai a ciro ta a sa babba, wai an gyara. Wayar fa? Ai ita bireka ke karewa, in ka ɗora mai amfiya 32 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ne) kan siririyar waya 1.5mm to wayar ce za ta yi ta ɗaukar zafi a cikin bango, bireka kuwa ko gezau.

A duba ɗan allon da ke bayan kwantirola (akwatin da ke sarrafa injin) mana, nan aka rubuta wutar da yake ja. Wannan wat 20 ko 30 da ake kiran leza da shi ƙarfin hasken ne kawai, shi injin ɗaruruwa yake ci, balle an haɗa masa kwamfuta da na'urar zuƙe hayaƙi. Tunda kuma wuni yake yi yana aiki sai a ƙara kashi 25 cikin 100 a kai, haka ma dokar wayarin ta Amurka ta tanada ga duk abin da zai yi awa 3 ko fiye a kunne. Misali in jimilla ta kama amfiya 10 ta koma 12.5 kenan, bireka 16 da wayar tagulla 2.5mm sun wadatar, sai dai in layin na da tsawo sosai a ƙara kauri saboda wuta na raguwa a hanya.

Sau da yawa ma faɗuwar da ake gani lokacin kunnawa fizgar wuta mai yawa ce ta farko kawai, nau'in birekar ne bai dace ba. Mai harafin B tana yankewa nan take in wuta ta kai ninki 3 zuwa 5 na amfiyar da aka rubuta a jikinta, C kuwa sai 5 zuwa 10, to a canja harafi a bar lambar amfiya yadda take.

Kuma don Allah a ba injin layinsa shi kaɗai da wayar ƙasa mai kyau, kar a haɗa shi da injin walda ko kwamfaresa, su ke rikita kwantirola ya tsaya tsakiyar aiki ko lamba ta fito a karkace, a yi ta zagin injin a banza.

Nagode.
Wani mai aikin wayarin