Kaset ɗin Ɗan Maraya ne ya hana ni gudu daga tasha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ce wani abu, saboda kwanan nan a majalisarmu wani yaro ɗan boko ya ce wai waƙa shiririta ce kawai, a ji a yi rawa a watse, ni kuwa maganar ta tsaya min a rai har yau.

A 1987 ina ɗan shekara 16 mahaifinmu ya rasu, makaranta ta gagara, kawuna ya kai ni tasha a Jos ya damƙa ni a hannun wani direban babbar mota mai bodin katako. Karen mota kenan. Dankali muke ɗauka mu bi ta Bauchi da Potiskum har Maiduguri, ni ne lodi, ni ne ɗaure tamfol, ni ne in mota ta tsaya a kan tudu zan diro da gudu in sa waigi a bayan taya, kuma kwana a saman kaya cikin hunturu, wanda bai yi ba ba zai gane ba. Duk wannan bai dame ni ba kamar ranar da wani da muka yi firamare tare ya gan ni a tasha, rigata duk baƙin mai, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce au ashe kare ka zama. A gaban mutane fa. Wallahi ranar na ƙudura a raina muna isa Maiduguri zan sulale, ko ina ne in tafi.

Da daddare mun tsaya shan shayi a Potiskum, maigidana ya ga na ƙi cin komai, bai tambaye ni ba, sai ya ce hau gaba ka zauna. Ya ciro wani kaset da ya sha jiki, ya zura biro ya juya shi don zaren ya saki, ya tura a rikoda. Waƙar Karen Mota ce ta Ɗan Maraya Jos. Na sha jin ta a rediyo amma ban taɓa saurara ba sai daren nan. Mutum guda da kuntiginsa, tsirkiya ɗaya tal a jikin gwangwani da aka rufe da fatar akuya, ba 'yan amshi ba tarin makaɗa, yana maganar aikina kamar tare muke kwana a kan buhuna. Makaɗa na wasa sarakuna da attajirai, shi kuma ga shi ya tsaya yana yi wa irina waƙa, sunan da aka zage ni da shi da rana shi ne ake rerawa. Hawaye kawai na ji, maigida ya yi kamar bai gani ba, ya mayar da ita farko har sau uku.

Ban gudu ba. Shekara shida na yi a bayan motar nan kafin in samu lasin, da tuƙin na yi aure na aurar da ƙannena biyu, kuma duk yaron da ya yi aiki a ƙarƙashina ban taɓa yarda a kira shi da sunan banza a gabana ba.

Ɗan Maraya ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015, Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da ke damuna, waƙoƙinsa da ke yawo a wayoyi yawanci an kwafe su ne daga tsofaffin kaset, murya na shaƙewa, wata ma a yanke take. Ina roƙon jaridarku ta taya mu kira ga gidajen rediyon da suka naɗi muryarsa, musamman na Kaduna da Jos, su fito da faifan da ke ajiye a gyara a zuba a kwamfuta tun kafin ƙura da zafi su cinye su. Nawa kaset ɗin yana nan cikin akwati, maigida ya bar min shi ranar da ya sallame ni, amma zaren ya tsinke wuri biyu na liƙe da salatif, tsoron sa shi a rikoda nake yi.

Naku,
Wani tsohon direba, daga Bauchi