Sanarwa kan tsofaffin batiran sola a gidajenmu

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan'uwa na wannan rukuni.

Wutar da muke samu a Garwa ta Kamaru tana fitowa ne galibi daga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982. Idan ruwan madatsar ya yi ƙasa a ƙarshen rani, wutar ma sai ta ragu, shi ya sa gidaje da shaguna da yawa suka koma ga sola. Wannan ci gaba ne, amma batirin da ke ajiye wutar yakan mutu bayan ƴan shekaru, kuma yawancin irin da muke saya cike yake da dalma da ruwan asid.

Dalma ba ta ruɓewa. Idan aka fasa batir a tsakar gida, ko aka narka abin cikinsa a kan gawayi, ƙurarta tana zama a ƙasar da yara ke rarrafe, daga nan ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, sau da yawa ba tare da wata alama ba da farko. A Zamfara ta Najeriya, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010, Allah Ya jiƙan su.

Don Allah kada a zubar da ruwan batir a kwata ko kusa da rijiya. A ajiye mataccen batir a tsaye, a inuwa, nesa da yara da tukwanen abinci, a mayar wa mai sayarwa ba tare da an fasa shi ba.