Amsa Ga Shugabar Makarantar Da Ta Tambayi Abin Da Muke Koya Wa Malaman Lissafi

Assalamu alaikum, Malama.

A taron iyaye da malamai kin miƙe a gaban jama'a kin jefo mana tambaya, mu da ke horar da malamai a kwalejin ilimi: yaya aka yi ɗalibin da ya ci kiredit a lissafi, ya shekara uku yana karatun NCE, zai zo makarantarki ya kasa fahimtar da ɗan aji uku ɗebewa mai aro? Ranki ya daɗe, ga amsarmu.

Iya lissafi daban, iya koyar da shi daban. Kiredit na nuna mutum ya iya kaiwa ga amsa. Malamin firamare kuwa yana bukatar ya san dalilin da ya sa hanyar take aiki, ya kuma iya duban amsar yaro da ba daidai ba ya gano tunanin da ya haife ta. Wannan sanin ne ya fi ƙaranci a horonmu. Ana cika ɗalibi da aljebra da tarihin ilimi, a bar lissafin aji ɗaya zuwa shida a kan cewa ai ya wuce wurin. Bai wuce ba, hadda ya yi. Gwajin da Jihar Kaduna ta yi a 2017 ya tona wannan: cikin malamai kusan 33,000 da aka ba tambayoyin aji huɗu, 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba. An sallami mutane an ɗauki wasu, amma sababbin ma daga irin wannan horon suke fitowa.

Mu ɗauki misalin da kika kawo. Yaro ya rubuta 52 a ɗebe 38, ya samu 26. Sabon malami zai ja masa jan biro ya sake maimaita ƙa'ida da ƙarfi. Wanda ya horu zai gane nan take cewa yaron ya cire 2 daga 8 ne, saboda an taɓa ce masa ba a cire babba daga ƙarami, shi kuma ya juya lambobin don su bi doka. Maganinsa tsinken tsintsiya ne. A ɗaure tsinke goma-goma da zare, a ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu. A ce ya ba da takwas. Zai ga biyu ba su isa ba, sai ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa: saura ɗauri huɗu da tsinke goma sha biyu. Ya cire takwas, ya cire ɗauri uku, ya ƙirga 14. Sai bayan ya yi haka sau da dama za a zana ɗaurin a allo, daga nan a koma ga lambobi zalla. Abu a hannu, sannan zane, sannan lamba. Kuma a daina kiransa aro, tunda ba a biya. Canji ne, kamar a ba da takardar naira ɗari a karɓi 'yan goma-goma guda goma.

Inda sifili ya shiga, nan ake gane wanda ya fahimta. A 403 a ɗebe 127, amsa 276 ce. Wanda ya samu 324 yana da ciwon juya lambobi. Wanda ya samu 376 ya mai da sifili tara amma ya bar huɗun yadda yake. Kurakurai biyu ne, kowane da gyaransa. Ɗalibin kwaleji ya kamata ya duba tarin takardun yara na gaske, ya rarraba su bisa irin kuskuren, ya faɗi tambaya ɗaya da zai yi wa kowane yaro. Aƙalla awa ɗaya a kowane mako ya cancanci wannan aiki, daga shekarar farko.

Haka abin yake a ɓangarori. Rabi a tara da sulusi, yara da yawa za su ce biyu bisa biyar, sun haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Sai dai biyu bisa biyar bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. A yanko takardu masu tsawo ɗaya, a ninke kowace gida shida: rabi ya ci gida uku, sulusi gida biyu, jimla biyar bisa shida. Akwai wata tambaya da ya kamata a yi wa duk mai neman zama malami: ya ƙirƙiro labarin da ya dace da ɗaya da rubu'i uku a raba da rabi. Da yawa za su kawo labarin raba abu tsakanin mutum biyu, wanda rabawa da biyu ne. Labarin da ya dace shi ne na tela mai yadi ɗaya da rubu'i uku, yana yanka rabin yadi-rabin yadi. Rabin yadi nawa zai samu? Uku da rabi. Wanda bai iya wannan ba, "juya ka ninka" kawai zai koya wa yaranki.

Batun harshe ma yana ciki. Ƙirgan Hausa na taimakawa wajen gane gurbin lamba, domin "goma sha uku" ya riga ya faɗa wa yaro goma ce da uku. Amma yaron da ya ji "ɗari da biyar" yakan rubuta 1005, kuma "ashirin ba biyu" yakan rikita shi ya fara rubuta 2. Ɗalibin da duk horonsa da Turanci aka yi, ba a taɓa sa shi ya bayyana ninkawa da Hausa ba, idan ya shiga aji sai ya fake da "ku maimaita bayana".

Kafin a tura kowa koyarwar gwaji, muna ganin sai ya haɗa jakar kayan aikinsa da kansa: tsinke ɗari biyu, murafen kwalba arba'in, katunan lambobi daga 0 zuwa 9, igiya mai tsawon mita ɗaya da alama a kowace santimita goma, da yankakkun takardu na ɓangarori. Duk ba su da tsada. Sai ya yi ƙaramin darasi na minti goma a gaban abokansa shida ko takwas, ɗaya daga cikinsu ya riƙa yin kuskuren yara da gangan. A ɗauka da waya, a kalla tare, a ƙirga minti nawa ya yi yana magana shi kaɗai, sannan ya sake koyar da darasin a makon. Sake koyarwar ce aka fi tsallakewa saboda yawan ɗalibai, alhali a nan gyaran yake. A kuma horar da shi a kan aji mai yara tamanin, yadda zai kasa su biyar-biyar kowane rukuni da ɗaurin tsinkensa, domin irin ajin da zai tarar ke nan.

Koyarwar gwajin kanta, wadda tsarin hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ya ware wa zangon karatu guda, tana lalacewa ta hanya biyu. Mai duba ɗalibi daga kwaleji yakan tsaya kan tsaftar shirin darasi a littafi, bai leƙa littattafan yara ba. Makaranta kuma takan ga an samu ƙarin hannu, ta miƙa wa baƙon aji ta bar shi shi kaɗai.

A nan muke da roƙo gare ki. Idan ɗalibanmu suka zo zango mai zuwa, ki haɗa kowane da malamin da ya fi ƙwarewa a lissafi, ya yi mako biyu yana kallo kafin ya riƙe alli. Ki sa ya gwada yaran ɗaya bayan ɗaya a makon farko, da tambayoyi biyar: gane lamba, tarawa, ɗebewa mai canji, ninkawa da rabawa. Ya adana sakamakon, ya maimaita gwajin a makon ƙarshe. Ki aiko mana da takardun biyu tare da littattafan aikin yara, a rufe sunayensu, mu yi darasi da su a kwaleji.

Allah ya ƙara girma, ya yi riƙo da hannayenki.

Wassalam,
Wasu malaman sashen koyar da lissafi na kwalejin ilimi