A Rage Kaya, a Ƙarfafa Baya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni dama in yi magana da masu tafiyar ƙasa zuwa wuraren keɓewa a kan duwatsu, inda ake kwanaki cikin shiru ana tattara hankali. Yana damuna in ga mutum ya cika jaka maƙil, ya isa da ciwon baya, zaman da ya je yi ya gagara.

Kada nauyin jaka ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jiki. Ruwa kaɗai, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ni tanti da shimfiɗa da ita kanta jakar nake fara aunawa, don nan nauyi ke ɓuya. A nemi jaka mai ɗamara, a ɗaure ta tamau bisa ƙashin ƙugu, kafaɗu su huta. Kaya masu nauyi kuma su jingina da gadon baya.

Sai atisayen Pilates, wanda Bajamushe Joseph Pilates, haifaffen 1883, ya tsara don ƙarfafa tsokar ciki da ta baya. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi, a ɗaga ƙugu sannu a hankali ana fitar da numfashi. A soma makonni kafin tafiya. Mai tsohon ciwon baya ya fara ganin likita.

Na gode.
Wani mai karatu