Hilux ɗin zuwa aiki: a duba hanyar kafin a duba tambarin bayan mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mutanenmu ke zaɓen a-kori-kura, musamman Hilux, alhali aikin da za ta yi musu bai wuce zuwa wurin neman abinci da dawowa gida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya ɗan yayana ya zo mini da hoton wata a wayarsa, baƙa wuluk tana sheƙi, ya ce, "Baffa, wannan ita ce ta ƙarshe, ful ofshin ce, babu abin da babu a cikinta." Na tambaye shi ina zai riƙa zuwa da ita. Ya ce ofis. Ofishin nan kuwa bai kai tafiyar minti ashirin daga gidansa ba, kuma kwalta ce tun daga ƙofar gida har wurin fakin.

Ni ɗan kasuwa ne. Gidana yana Na'ibawa, shagona yana wajen Kasuwar Singa. Kwana shida a mako hanyata ɗaya ce: titin Zariya, Unguwa Uku, Gadar Lado, Dangi, har in faɗa cunkoson Ibrahim Taiwo. Ran Lahadi nakan leƙa 'yar gonar shinkafata a Kura. Na tashi na tarar da mahaifinmu da Peugeot 504 a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, kuma a zamaninsa babu wani zaɓe, mota ɗaya ce, kujera ɗaya, ka saya ko ka bari. Yanzu kuwa Hilux ɗaya sai ka ga tana da ajujuwa biyar ko shida, kuma kowace ƙasa da sunan da take kiransu. Waɗanda ake kawowa daga ƙasashen Larabawa za ka ga GL, GLX, SR5, Adventure, har da GR Sport. Na Turai za ka ga Invincible. Na Tailan za ka ji Revo da Rocco. Mu kuma a nan duk mun dunƙule su gida biyu, ko "ful ofshin" ko "ta ma'aikata", shi ke nan.

A 2021 na sayi tawa ta farko, 'yar Beljiyam, mai injin dizal 2.4, mai ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja motar, kujerun fata, wili mai inci 18. Ban yi wata huɗu da ita ba wata fitila ta kama a gaban sitiyari, mota ta rage ƙarfi. Bakanikena ya sa na'ura ya duba, ya ce, "Alhaji, motar nan lafiyarta ƙalau, hanyarka ce ba tata ba." Ya yi mini bayani cewa motocin dizal na Turai suna da wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, kuma ba ta wanke kanta sai inji ya ɗau zafi sosai a doguwar tafiya da gudu. Ni kuwa kullum tsaya-tafi nake tsakanin 'yan adaidaita sahu, da ƙyar nake kaiwa giya ta huɗu. Ga shi dizal ɗin da muke sha a lokacin ba irin nasu ba ne wajen tsabta. Sai ya zama dole lokaci-lokaci in hau titin Zariya in yi gudu har Kwanar Dangora in dawo, ba don ina da wani uzuri a can ba, sai don matata ta buɗe. Da aka shiga 2022 farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda, abin da na yi lissafin zan rage a kan mai ya bi ruwa.

Ogzilarin da na biya kuɗi mai yawa dominsa, zan iya ƙirga sau nawa na sa shi a shekara biyu. Mutane da yawa ba su san cewa ogzilarin Hilux ba a sa shi a kan busasshiyar kwalta ba. Idan ka haɗa shi tayoyin gaba da na baya suna juyawa a ɗaure ne, to a yashi ko taɓo suna samun wurin zamewa, amma a kwalta idan ka sha kwana sai ka ji motar tana cijewa, kuma giya ce ke shan wahalar. Ke nan mai zuwa ofis yana ɗauke da ƙarin ƙarfe ne kawai a ƙarƙashin motarsa, yana biyan mai dominsa, yana canza masa man giya, ba ya amfani da shi. Ban ce ba shi da rana ba. Wanda aikinsa zai kai shi cikin rairayin Yusufari ko Machina, ko ya hau tsaunin Mambila da damina, to shi kam kada ma ya saurari mai cewa ya sayi marar ogzilari. Ni dai a Kura, sau biyu ko uku a damina hanyar gona ke gagarata, kuma a ranakun nan ajiye motar nake a bakin titi in hau babur.

Kujerar fata kuwa, duk wanda ya taɓa barin mota a rana a watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ke jiransa idan ya buɗe ƙofa bayan Azahar. Sai kuma wili. Tayar inci 18 bakinta siriri ne idan aka kwatanta da ta inci 17, saboda haka duk ramin da ka faɗa a jikinka yake ƙarewa, kuma ranar da za ka canza huɗu za ka ji a aljihunka. Da na je Ƙofar Ruwa neman guda ɗaya sai da na zaga shaguna, alhali mai lamba 265/65R17 kusan kowa yana da ita.

Na sayar da 'yar Beljiyam ɗin na sayi GLX mai fetur 2.7, ƙofa huɗu, marar ogzilari, kujerun yadi, giya otomatik. Ba zan ɓoye ba, tana shan mai. A lissafina cikin gari lita ɗaya ba ta kai ni fiye da kilomita bakwai, kuma tankinta lita 80 ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cika tankin nan ya zama abin da sai na shirya masa. Amma injin nan tsohon hannu ne, duk bakaniken da ke gyaran Hiace ya san cikinsa, kayansa suna ko'ina, kuma bai damu da gajeriyar tafiya ba. Mai injin V6 4.0 da ake sa wa manyan ajujuwan, ƙarfinta ba a magana, sai dai ina za ka kai wannan ƙarfin tsakanin Dangi da Gidan Murtala?

To amma kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a ruga a sayi mafi arha. Nan ne nake so a tsaya a saurare ni da kyau, domin nan ne rai yake. A-kori-kura an gina ta ne don ɗaukar kaya. Bayanta sifirin ne na faranti, mai tauri, wanda ba ya laushi sai an ɗora masa nauyi. Idan bodin babu komai, bayan motar ba shi da nauyi, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Ranar da aka yi ruwan farko kwalta ta yi santsi, ka taka wuta a kwana, bayan zai iya kwashewa ya juya da kai. Ya taɓa faruwa da ni a shataletale da sassafe, Allah ya kiyaye babu kowa kusa, kuma na'urar hana sulɓi da ke cikin motar ce ta kama ta kafin ni in farga. Wasu daga cikin ƙananan ajujuwa, musamman na shekarun baya, ba su da wannan na'ura. Jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari ma haka, wata motar biyu ko uku ne a gaba kawai, wata kuma har bakwai, da na gefe. Wanda zai riƙa kai yara makaranta kowace safiya, wannan shi ne abin da ya kamata ya tambaya tun kafin ya tambayi girman allon rediyo. A kunna makulli a gabanka, ka ga fitilar ABS ta birki da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu. In ba su kama ba sam, akwai abin da aka ɓoye.

Bayan wannan, abubuwa uku na ga sun cancanci kuɗinsu a hanyata. Giya otomatik, domin wanda ya taka kulochi sau ɗari tsakanin Kantin Kwari da Singa ya san ciwon gwiwa. Esi mai ƙarfi da ke kaiwa kujerar baya. Sai kyamarar ribas, don motar nan ta fi mita biyar tsawo, kuma idan yaro ya tsaya a bayan bodi ba za ka gan shi ta madubi ba. A lungunanmu da yara ke wasa a ƙofar gida, wannan ba ado ba ne.

Ni nakan bar buhu biyu na yashi a bodi daidai saman tayoyin baya, yana rage tsalle. Sannan a jikin ƙofar direba akwai takarda mai nuna iskar da taya ke buƙata idan da kaya da kuma idan babu. Masu faci da yawa da sun ga a-kori-kura sai su ɗura mata iskar ɗaukar siminti, mai mota ya yi ta ƙorafin shokozoba alhali iska ce ta yi yawa.

In koma kan motar ɗan yayana. Mun je mun gan ta tare da bakanikena. Fuskarta ta 2020 ce zuwa sama, fitilu, bamba, tambari, komai sabo. Bakanike ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya nuna mana 'yar takardar da ke ɗinke a gindinsa, shekarar da ke jiki 2016 ce. Wannan samfurin tun 2015 ya fito, kuma jikinsa bai canza sosai ba, shi ya sa ake iya sauya wa tsohuwa fuska a manna mata tambarin babban aji a sayar da ita da kuɗin sabuwa. Da aka matsa wa dillalin sai ya ce ai "ofgiredin" aka yi mata, kowa ma haka yake yi. Wanda ya yi wa motarsa kwalliya don kansa ban ga laifinsa ba, amma a sayar wa mutum ba a faɗa masa ba, wannan algus ne, kuma duk mun san hukuncinsa a addini. Tambari na roba ne, ana sayar da shi a kasuwa. Ba ya ƙara jakar iska ko ɗaya.

Akwai kuma waɗanda aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, amma na Tailan da Ingila da Ostireliya a dama yake, sai a yanke a mayar. A dubi inda waifa ke kwanciya, a leƙa ƙarƙashin dashbod a ga ko akwai walda ko wayoyin da aka yi wa ƙari. Sitiyari da birki ba wurin gwaji ba ne.

A hanyarmu ta dawowa na ce masa, "Ɗana, tsakaninka da Allah, me za ka ɗauka a bodin nan?" Ya yi shiru, can ya ce ragon layya da kayan gini idan ya fara aikin filinsa. Na ce rago sau ɗaya ne a shekara, kayan gini kuma da kuɗin man wata guda za ka ɗauki hayar mai kai maka. Corolla za ta kai ka ofis da kusan rabin man. Ya ce shi dai ransa a kan Hilux yake, kuma ban ga laifinsa ba, mota ce mai ƙwari, ga ta da daraja ranar sayarwa. Na ce to in ya zama dole, mu nemi ta tsakiya mai fetur, wadda takardun kwastan ɗinta suka dace da lambar shasi, rarar kuɗin ya zuba a tubalin filinsa maimakon ya ci bashi a kan fata da ƙyalli.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware mana shafi ko rabi, ko da sau ɗaya a wata, inda gogaggun makanikai za su riƙa yi mana irin wannan bayani da Hausa. Yawancin abin da ake rubutawa a kan motoci da Turanci yake, kuma don hanyoyin wasu ƙasashe da man wasu ƙasashe aka rubuta shi. Ni sai da na yi asara kafin na san mene ne matatar hayaƙi. Ran Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu je duba wata GLX fara da aka yi mana kwatance, kuma na riga na gaya wa bakanikena ya taho da na'urarsa da tocila.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Na'ibawa, Kano