Ba kamfanin Ferrari ba ne ya ci Le Mans ta 1965, ku gyara maganarku

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Ni ba gwanin rubutu ba ne, ɗana ne ma yake danna min wannan a waya ina faɗa masa, to duk kuskuren da ka gani nasa ne. Abin da yaron nan naku ya faɗa ranar Asabar a shirin motoci na rediyonku ne ya tsaya min a maƙoshi, kwana huɗu ke nan na kasa haɗiye shi. Sau uku, wallahi na ƙirga da yatsuna, sau uku yana maimaita wai kamfanin Ferrari ne ya lallasa Ford da jar motar nan mai lamba 21 a tseren motoci na awa 24 na Le Mans da ke Faransa a 1965. Haba jama'a! Wane kamfanin? Motocin da kamfanin ya kawo da kansa a waccan shekarar ai ko ɗaya ba ta kai ƙarshen tseren ba, faifan birkinsu ne ya dinga tsagewa cikin dare ana canzawa, daga baya giya da inji suka ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya. Motocin Ford ƙirar GT40 ma guda shida suka zo, su ma babu wadda ta gama. Motar da ta ci ta wani dila ce, Luigi Chinetti, ɗan Italiya mai sayar da Ferrari a Amurka, shi ya saye ta ya shigar da ita da sunan ƙungiyar tserensa mai suna NART, shi ya nemo direbobi, kanikawansa ne suka kwana a tsaye a kanta. Amma yaronku ko sunan bawan Allahn nan bai ambata ba, ya ɓata minti goma yana ta lissafin yuro miliyan 34 da ɗoriya da aka sayar da ita a Paris a watan Fabrairun 2025, yana mayarwa naira yana dariya wai gidaje nawa za ta saya a Abuja. To sai me?

Na san za ka ce ai Ferrari ce ta ƙera ta, mene ne na tada jijiyar wuya. Bari ka ji. Shekara talatin da huɗu ina ƙarƙashin mota a garin nan, tun ina yaron gareji mai miƙo sifana har na zama oga. Akwai wata Peugeot 504 doguwa ta wani Alhaji, Allah ya jiƙansa, da take Kaduna zuwa Maiduguri tana dawowa, sau biyu na sauke injinta na ɗaura, na canza mata fistin da ringi, na taɓa tafiya har bayan Potiskum cikin dare da damina don ta mace musu a hanya da fasinja bakwai, ina kwance cikin taɓo direban yana haska min tocila. Motar nan ta yi shekara sha tara tana aiki. Ka san me ake cewa a tasha in ta shigo? Ai Fijo ba ta mutuwa! Shi ke nan fa. Fijo ba ta mutuwa. Ni da na bar farcen babban yatsana a injinta ko oho, Alhajin da ya sayar da gonarsa ya yi mata gyaran ƙarshe ko oho. To da na ji yaronku yana yi wa Chinetti irin abin da aka yi min sai na ji kamar ni yake wa, har mai ɗakina ta ce Malam da rediyo kake faɗa?

Kuma Chinettin nan ba mai kuɗin da ya tsinci sana'ar a sama ba ne, direba ne, ya ci Le Mans da hannunsa sau uku, 1932 da 1934 da 1949, kuma ta 1949 ɗin ita ce ta farko da Ferrari ta taɓa ci a can, shi ya tuƙa kusan duk tseren shi kaɗai. Mutum irin wannan ne za a share?

Ita motar, 250 LM, lambar shasi 5893, babu wanda ya sa mata rai. Guda 32 kacal aka ƙera irinta, Enzo Ferrari mai kamfanin ya so a yi mata rajista a ajin motocin GT, wato na motocin da ake ƙerawa don sayarwa, hukumar tsere ta ce sai an ƙera ɗari, bai ƙera ba, sai aka jefa ta ajin manya inda injinta mai silinda 12, lita 3.3, yake gogayya da na Ford mai lita 7. Kamar ka sa ɗan dambe mai tasowa gaban wanda ya ninka shi ne. An tashi ƙarfe huɗu na yammar Asabar 19 ga Yuni, tun dare bai yi nisa ba injin ya fara tari, suka shigo gyara, aka duba nan aka duba can, ashe kwandensa ce, wani ɗan ƙaramin abu a ɓangaren wutar inji. Kwandensa fa Malam Edita! Abin da bai kai babban yatsa ba, wanda ni a aljihun rigar aikina nake yawo da irinsa zamanin motocin kontak. Kusan rabin awa ta tafi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne Masten Gregory, Ba'amurken nan mai tabarau mai kauri, da Jochen Rindt ɗan Ostiriya, sun riga sun fitar da rai, sai suka yi shawara a taka ta iya takawa, in ta fashe kowa ya kama gabansa ya huta. Ba ta fashe ba. Suka dinga cinye na gabansu ɗaya ɗaya har gari ya waye, ya rage saura wata 250 LM ruwan ɗorawa ta Pierre Dumay da Gustave Gosselin a gaba, ita ma ka lura ta masu zaman kansu ce, ranar Lahadi tayarta ta baya ta fashe a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne tana tsakar gudu ta yaga mata bodi, kafin a lallaɓa a gyara lamba 21 ta wuce. Zagaye 348, kilomita 4,677 cikin awa 24. Ni da na san hanyar Maiduguri na zauna na yi lissafi, ya fi zuwa da dawowa sau biyu, ba a kashe inji sai lokacin shan mai da gyara. Wannan ne labarin da mu masu baƙin mai a hannu muka kasa kunne mu ji, aka ba mu lissafin gidajen Abuja.

Kuma da kamfani ne da ita, ana gama tseren za a lulluɓe ta da tamfol a kawo sabon samfuri. Mai zaman kansa ba ya da wannan gatan, sai ya mori kuɗinsa, kamar dai Alhajina. Chinetti ya sake kai ta tseren awa 24 na Daytona a Amurka a 1966, ya kai ta Daytona da Le Mans a 1968 duk biyun ba ta gama ba, aka gyara, ta koma Le Mans a 1969 tana tsohuwa cikin yara ta zo ta takwas, a 1970 ta zo ta bakwai a Daytona. Tseren awa 24 guda shida a jikin mota ɗaya. Daga nan ne gidan tarihin filin tseren Indianapolis ya karɓe ta, ta zauna a can sama da shekara hamsin kafin gwanjon nan da ya ruɗa yaronku. A shekarar 1970 ɗin dai Rindt ya rasu a haɗari a filin tseren Monza da ke Italiya, aka ba shi kambun duniya na Formula 1 bayan ba shi da rai, ko wannan ma bai isa a faɗa ba? Shi kuma kamfanin da kuke ta yi wa kirari, daga nasarar nan ta dila sai da ya jira shekara 58, sai 2023 Ferrari ta sake zuwa ta ɗaya a Le Mans.

Ni ba na ce ku kori yaron ba, yana da murya, kuma yana da ladabi in ana kiran waya. Amma ya fito ranar Asabar mai zuwa ya ce ya yi kuskure, ya kira sunan Chinetti da bakinsa, da NART, ko sau ɗaya ne. In ba zai iya ba ku ba ni minti biyar ni in zo da kayan aikina a jikina in faɗa.

Af, tun da na samu dama, don Allah wannan layin wayar naku fa? Ranar na kira sau tara, sau biyu ya shiga aka bar ni ina jin tallan maganin basir har katin ɗari biyar ya ƙare ban ce uffan ba. Kuma wa ya ba ku shawarar mayar da shirin ƙarfe biyu na rana? Lokacin muna gareji janareta na ƙara, makwabcina mai walda na ta nasa, sai na manna rediyo a kunne. Ku mayar mana da shi bayan isha'i yadda yake a da.

Na gode, a gaida mutanen ofis.

Naku,
Tsohon bakanike, mai sauraronku daga Kaduna