Godiya ga ma'aikatan tsabta na magajin garin Tahoua

Assalamu alaikum.

Waɗanda suka san ni za su shaida ban cika yabon ma'aikatan gwamnati ba. Wannan karon kam sai na yi, kuma a bainar jama'a.

Akwai wani juji a bakin kanibon unguwarmu da ya girmi wasu yaranmu. Da dare kowa can yake zubar da shararsa, da safe kuma shi ne kan gaba wajen ƙorafi. Damina na faɗuwa leda ta toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta a ƙofar gidaje, sauro ya yi ta hayayyafa, masassara ta bi yara gida-gida. Da rani kuma wani ya cinna masa wuta, hayaƙin roba ya hana tsofaffi barci.

Da mai unguwa ya ce mu kai kuka ofishin magajin gari, kunyarsa kawai ta sa na bi shi. Na san halin wasu ofisoshi: mai sa hannu ya fita, ku dawo gobe, ko a yi ta kallon aljihunka. Sai muka tarar da wata baiwar Allah. Ta ba mu kujera, ta ce, "Baba, ina ne daidai wurin?" ta rubuta. Da la'asar sai ga ta bisa moto, ta zo gani da idonta. Ba ta yi mana daɗin baki ba, ta ce motocin kwasar shara ba su isa ba, sai mun jira layi, in kuma muka ci gaba da zubarwa aikin banza za a yi. Kafin ruwan farko an kwashe jujin, an yashe kanibo. Ko dala ba ta nema ba. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya raya zuri'a.

Sai dai ita kaɗai ina za ta iya? Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙera leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Shiga babbar kasuwa yau, tumatirin dala ashirin ma a baƙar leda za a ƙulla maka. Mahauta na fiddo ta a dunƙule daga tumbin awaki da shanu, a nan Adar da dabba ce dukiyarmu. Bakin tabkin Babaye ma duk ita ce. Masu shigo da ita buhu-buhu kuwa, har yau ban ji an tambaye su komai ba.

Naku,
wani dattijo daga Tahoua